Shafin naka ne, to amma da sunan wa aka yi rajistarsa?



Yau ba maganar allon waya ko bakin caji zan yi ba. Wani abu ne ya faru a shagona da ya tsaya min a rai, kuma na san ba mutum ɗaya zai faru da shi ba a yankinmu, tun da yanzu makarantun kuɗi, masu shinkafa, ƙungiyoyin matasa har da masu neman kujera kowa so yake a ce yana da shafin intanet.

Kwanakin baya wani malami mai makarantar kuɗi daga ɓangaren Tudun Wada ya tsaya a wajena a Kwanar Dangora. Ya miƙo min waya ya ce, "Injiniya, duba min wayar nan, ina jin cuta ce ta shige ta. Duk lokacin da na buɗe shafin makarantarmu sai tallan caca ya fito." Na karɓa na gwada, haka ne. Na ɗauko tawa wayar na rubuta adireshin, abu ɗaya. Na ari ta yaron shagona, nan ma haka. Sai na ce masa, "Malam, wayarka lafiyarta ƙalau. Sunan shafin ne ya bar hannunku."

Bai gane ba da farko, don shi a saninsa ya biya kuɗi an yi masa shafi, magana ta ƙare. Da na bi diddigi sai labarin ya fito. Wani ɗan bautar ƙasa ne da aka turo musu ya gina shafin, yaron kirki, kuma aikin ya yi kyau. Amma da imel ɗinsa ya yi rajistar sunan, da lambar wayarsa, da katin bankinsa. Ya gama shekararsa ya koma garinsu, lambar da Malam yake da ita ta daina shiga. Wa'adin sunan ya cika, saƙonnin tunatarwa suka tafi imel ɗin wancan yaron, babu wanda ya sabunta. Bayan wasu watanni sunan ya koma kasuwa, wani can da ba mu san ko a wace ƙasa yake ba ya ɗauke. Kuma wannan sunan yana jikin allon ƙofar makarantar, yana kan rasit, yana bayan katin sakamakon yara. Makarantar da ake koyar da tarbiyya, uba ya buɗe adireshinta ya ga caca. Ka gane nauyin abin?

Ra'ayina a kan wannan ɗaya ne, kuma ba na kwana-kwana a kai: duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya yi masa shafi, sannan ya yi rajistar sunan da nasa bayanan, bai kyauta ba, ko da ba da mugun nufi ya yi ba. Shi kuma mai biyan kuɗi da bai tambaya ba, yana da nasa kason na laifin. Zan yi bayani, kuma zan faɗi inda ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren.

Mu fara da abin da muka sani. Kowa a nan ya san wahalar layin da aka yi wa rajista da NIN ɗin wani. Tun da aka fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, nawa ne suka zo min suna kuka? Layi yana hannunka shekara bakwai, duk kwastomominka da shi suka san ka, bankinka yana kai, amma ranar da wayar ta ɓace ka je a dawo maka da shi sai a ce ka kawo mai rajistar. Mai rajistar kuma wani yaro ne a ƙarƙashin lema da ba ka ƙara ganinsa ba. To sunan shafi, wanda masu harkar suke kira domen, haka yake sak. Ba wanda ya biya kuɗi ake dubawa ba, ba wanda sunan kasuwancinsa ke jiki ba. Wanda bayanansa suke cikin rajista kuma yake iya shiga asusun, shi ke da iko.

Abubuwa uku ne mutane suke haɗewa su kira su "shafi". Akwai sunan, irin buk.edu.ng na Jami'ar Bayero ko kanostate.gov.ng na gwamnatin jiha. Akwai masaukin shafin, wato kwamfutar wani kamfani da ake ajiye kayan shafin a cikinta, ana ce masa hostin. Sai kuma ginin shafin kansa, rubutu da hotuna da tsari. Idan ka kwatanta da waya, sunan shi ne layi, masaukin shi ne wayar, ginin kuma shi ne abin da ke cikinta. Waya ta lalace ka sayi wata. Hotuna sun goge, da ciwo amma za a ɗauki wasu. Layi kuwa idan ya koma hannun wani, masu kiranka shi za su dinga samu. Shi ya sa a cikin ukun nan sunan ne mafi arha kuma shi ne mafi tsada.

Sunayen nan suna da masu kula da su, ba a sama suke yawo ba. Akwai wata hukuma a Amurka mai suna ICANN da aka kafa a 1998, ita ke tsara ƙa'idojin sunaye irin su .com da .org da .net. Babban littafin .com yana hannun kamfanin Verisign. Namu na Najeriya, wato .ng, ƙungiyar NiRA ce ke riƙe da shi, an kafa ta a 2005, kuma a ƙarƙashinta ake samun .com.ng, .org.ng, .name.ng, da waɗanda ba kowa ake ba wa ba sai da takardu, irin .edu.ng na manyan makarantu da .gov.ng na gwamnati. Kai ba ka zuwa wajen NiRA ko Verisign kai tsaye. Akwai kamfanonin rajista da aka amince da su, su ne dillalai, a wajensu kake buɗe asusu ka biya. Jerin waɗanda NiRA ta amince da su yana shafinta, nira.org.ng. To lura da sarƙar: hukuma, sai dillali, sai mai suna. Ina mai gina shafi yake a ciki? Ba ya ciki. Kai ne kake saka shi a wurinka ba tare da ka sani ba.

Abu na biyu da Malam bai sani ba, kuma da yawa ba su sani ba: ba a sayen domen a mallake shi har abada. Haya ce, shekara-shekara. Za ka iya biyan ta shekaru da yawa gaba ɗaya, a .com har shekara 10, amma dai haya ce. Idan wa'adin .com ya cika ba a sabunta ba, ba nan take yake tafiya ba. Dillali yana iya riƙe maka shi na ɗan lokaci, bai wuce kwana 45 ba, wasu ma ba sa kaiwa haka. Daga nan ya shiga matakin fansa na kwana 30, inda za ka iya dawo da shi amma da tara mai nauyi, ninki da yawa na kuɗin sabuntawa. Sai kwana 5 na jiran gogewa, wanda a nan babu abin da wani zai iya yi maka. Daga nan ya fito fili, wanda ya riga shi ya samu. Kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, suna da manhajoji masu jiran sunayen da suka faɗo, musamman waɗanda mutane suka saba ziyarta, su ɗora musu talla ko su jira mai shi ya zo da kuka su yanka masa farashi da dala.

Kada ka ce wannan sakacin ƙauye ne. A watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft da kansa ya manta bai biya kuɗin sunan passport.com ba, abin ya taɓa masu shiga Hotmail, sai wani mutum mai suna Michael Chaney ya ga matsalar ya biya musu dala 35 daga aljihunsa. Bambancin kawai shi ne Microsoft yana da lauyoyi da suna a duniya, Malam kuwa yana da ni da wayata.

Dokar ICANN ta wajabta wa dillali ya tura saƙon tunatarwa kusan wata ɗaya kafin wa'adi ya cika, da kuma kusan mako ɗaya kafin. Amma ina ake turawa? Imel. Mu kuma gaskiya mu faɗa wa juna, mutanenmu ba sa buɗe imel. Kullum ina ganin wayoyi da saƙo dubu uku ba a karanta ba. Da yawa ma ba su san suna da Gmail ba, wanda ya saita musu waya ranar da suka saya shi ya ƙirƙira don a samu a sauke WhatsApp, ya saka wata kalmar sirri da shi ma ya manta kafin magariba. Sai ranar da aka yi wa waya filashin ta tsaya tana neman tsohon asusu, a nan ake fara "wallahi ban san shi ba." To idan da irin wannan imel ɗin aka yi rajistar domen, ko da sunanka aka rubuta, kusan ɗaya ne da babu.

Yanzu bari in saurari ɓangaren masu gina shafi, don abokaina ne da yawansu, wasu muna haɗuwa a Farm Centre idan na shiga Kano sayen kaya, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko suna cewa, "Mutanen nan ba su iya ba. Ka ba Alhaji asusun, wata uku ya manta komai, kuma kai zai kira da tsakar dare." Gaskiya ne, na shaida. Na biyu, "Ba su da katin da zai biya." Shi ma ya taɓa zama gaskiya, musamman daga 2022 lokacin da bankuna da yawa suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Na uku kuma, wanda ba kowa ke faɗa a fili ba: "Idan na miƙa komai, ragowar kuɗina sai a lahira." Wannan ma duk mai sana'ar hannu ya san shi. Ina da wayoyi a durowa da aka gyara tun bara masu su ba su dawo ba.

Amma duk da haka ban yarda ba. Idan mutum bai iya ba, aikinka ne ka zaunar da shi ka buɗe masa imel da lambarsa, ka yi rajista da sunansa, ka rubuta masa komai a takarda, sannan kai ka ci gaba da kula masa. Yawancin dillalai suna da wurin saka mai kula da ɓangaren fasaha daban da mai suna, wasu ma suna ba da damar a ba wani izinin shiga ba tare da ya zama mai shi ba. Magini yana gina gida ya riƙe makulli har a gama, amma ba ya zuwa wajen mai unguwa ya sa a rubuta takardar filin da sunansa don mai gidan bai iya karatu ba. Maganar kati kuwa, dillalan gida suna karɓar naira, har da tiransifa. Maganar bashi kuma, riƙe aikinka, kada ka ɗora shafin sai an cika maka, wannan haƙƙinka ne. Amma sunan makarantar mutum ko na shagonsa ba jinginarka ba ne.

Na ce zan faɗi nawa. Shekara biyu da suka wuce wani yayana mai harkar shinkafa ya ce in yi masa ɗan ƙaramin shafi, hotunan buhuna da lambar waya kawai, don wasu masu saye daga kudu suna tambaya. Don sauri sai na yi komai da Gmail ɗina, na ce ai gida ne. Ban ga aibun abin ba sai wata rana muna dawowa daga Doguwa ta dajin Falgore, tayar motarmu ta fashe muka sauka gefen hanya, Allah Ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo sosai. Da daddare ina kwance sai tunanin ya zo min: da na tafi yau, wa zai buɗe wayata? Yaya bai san sunan dillalin ba ma, balle kalmar sirri. Ban ci amanarsa ba, ban yi niyya ba, amma da sakamakon ɗaya ne da na wanda ya ci. Washegari na je na mayar masa da komai. Tun daga nan na daina ganin abin a matsayin maganar mugu da nagari. Mutumin kirki ma yana tafiya karatu, yana canza layi, ana sace masa waya, yana rasuwa.

Wannan ya fi tsanani ga abin da ba na mutum ɗaya ba. Makaranta, ƙungiyar ci gaban gari, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, asibiti mai zaman kansa. Kada a yi da imel ɗin sakatare na yanzu, don sakatare yana sauka, wani lokacin ma da rigima yake sauka. A buɗe imel na ƙungiya, a haɗa shi da layin ƙungiya, mutum biyu ko uku amintattu su san bayanan, a rubuta a littafi a ajiye inda ake ajiye takardun fili. Kuma layin nan a riƙa saka masa kati ana kira da shi, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana janye shi ya sayar wa wani. Sabon mai layin idan ɗan gari ne yana iya karɓar lambar sake saita imel ɗinku, daga imel kuma sai domen.

To kai da kake karanta wannan kuma an riga an yi maka shafi, ya za ka gane matsayinka? Idan .com ne ko .org, shiga lookup.icann.org a wayarka ka rubuta sunan. Za ka ga dillalin da aka yi rajista a wajensa, ranar da aka yi, da ranar da wa'adi zai cika. Idan .ng ne, akwai wurin binciken WHOIS ta shafin NiRA. Rubuta ranar cikar nan yau ɗin nan, ka saka ta a kalandar wayarka da ƙararrawa wata biyu kafin. Sunan mai shi kuwa ba lallai ka gani ba, don tun 2018 da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki yawanci ɓoyewa ake yi. Saboda haka gwajin gaskiya ɗaya ne: kai da hannunka, a wayarka, za ka iya shiga asusun da ke wajen dillali ka ga sunan a ciki? Ba shiga shafin don ɗora hoto ba, wannan daban ne, kuma a nan ake ruɗar mutane. An ba ka makullin ɗaki, ba takardar gida ba. Idan amsar a'a ce, kira wanda ya yi maka tun kuna gaisawa da fara'a. Ba sai da faɗa ba. "Don Allah ina so mu mayar da rajistar nan sunana, kai ka ci gaba da kula min." Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Mayarwar kala biyu ce, kuma a rarrabe su. Akwai canza mai suna, akwai kuma canza dillali. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe naka asusun a wajen dillalin da sunan yake, da imel ɗinka, sai wancan ya tura maka sunan daga asusunsa zuwa naka. Yawanci ba ya ɗaukar lokaci. Amma bayan ya shigo kada ka tsaya nan, shiga bayanan mai suna ka tabbata an canza suna, imel da lambar waya zuwa naka, don sau da yawa sunan yana ƙaura amma tsofaffin bayanan suna nan. Za a turo maka saƙon tabbatarwa ta imel, ka buɗe ka danna. A .com idan ba ka tabbatar cikin kwana 15 ba ana iya dakatar da sunan, shafin ya daina buɗewa, kai kuma ka zo min da waya ka ce ta lalace.

Idan kuwa dillalin ne kake so ka bari, ko don tsada ko don ba sa amsa saƙo, to akwai wata lambar sirri ta ƙaura da ake kira EPP. Mai asusun zai cire makullin da ke kan sunan, ya nemi wannan lambar, ka kai ta wajen sabon dillali ka biya kuɗin shekara ɗaya, wadda a .com ake ƙarawa a kan wa'adin da kake da shi, ba asara ba ce. A ƙa'idar ICANN dole dillali ya ba da lambar cikin kwana 5 da nema, ƙaurar kanta ma tana ɗaukar kamar kwana 5 zuwa mako guda. Sai dai akwai tarkon kwana 60: sunan da aka yi wa rajista sabo, ko wanda bai daɗe da ƙaura ba, ba ya motsi sai ya cika kwana 60, kuma canza bayanan mai suna ma yana iya jawo wannan makullin. Don haka idan za ka yi duka biyun, fara da canza dillali sannan ka canza bayanai, ko ka tambaye su tun farko. Kuma kada ka fara wannan aikin saura kwana huɗu wa'adi ya cika, ga netwok ɗin Riruwai da kowa ya sani. Sabunta tukuna, ka yi ƙaura a natse. Wannan lissafin kwanakin na .com da 'yan uwansa ne, .ng yana bin tsarin NiRA, don haka karanta abin da dillalinka ya rubuta a kai. Lambar EPP kuwa ka ɗauke ta kamar lambar sirrin katin banki. Duk wanda ya turo maka saƙo wai daga kamfani yake ka ba shi ita, ko ka danna wani wuri ka biya yanzu-yanzu kafin a rufe maka, rabu da shi ka shiga asusunka da kanka ka duba.

Haka ma idan kasuwanci za ka saya gaba ɗaya, shago ko makaranta da sunanta. Ana lissafa benci da janareto da firij, a manta da domen da shafin Facebook da layin da ke jikin allo. A saka su cikin takardar ciniki gaban shaidu, kuma kada a cika kuɗi sai sunan ya shigo asusun mai saye.

Wani zai ce, ai na yi rajistar kasuwancina da CAC, sunan nawa ne a doka. Rajistar CAC ba ta ajiye maka domen, littattafai biyu ne daban, ɗaya bai san da ɗaya ba. Akwai hanyar ƙara idan wani ya kama sunanka da mugun nufi, ana ce mata UDRP, kuma hukumar WIPO da ke Janiba tana sauraron irin waɗannan. Amma kuɗin shigar da ƙara kaɗai dala 1,500 ne, ban da lauya, kuma sai ka nuna kana da haƙƙi a kan sunan a matsayin alamar kasuwanci. NiRA ma tana da nata tsarin sasanta rikici na .ng. Da na lissafa wa Malam dala 1,500 da naira sai ya yi dariya ya ce, "Injiniya, ai wannan ya gina aji."

Saura maganar wane za ka zaɓa, .com ko .com.ng. Ni ga mai makaranta a Kiru ko mai kifi a Tiga, .com.ng nake ba da shawara, kuma dalilina ba kishin ƙasa ba ne kawai, lissafi ne. Farashin .com da dala yake. A watan Satumba na 2024 Verisign ya fara karɓar dala 10.26 a kan kowane suna daga dillalai, kafin su ɗora ribarsu. Ka tuna kafin Yuni 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, farkon 2024 kuma ta haura 1,500. Wanda ya yi .com a 2022 ya zo sabuntawa bayan shekara biyu ya ga kuɗin ya ninka, ba don ya ƙara komai ba. Da yawa a nan suka saki nasu. Shi kuwa .com.ng da naira ake biya, kuɗin shekararsa bai kai canjin allon waya mai kyau ba, kuma idan matsala ta taso mutanen da za ka kira suna cikin ƙasar nan. Idan kana sayar wa ƙasashen waje ko kana tsoron wani ya kama maka .com ɗin, kuma aljihu zai ɗauka, kama duka biyun ka juya ɗaya zuwa ɗayan. Abin lura kawai, kada farashin shekarar farko ya ruɗe ka, tambayi na sabuntawa, don a nan ake ɓoye wuƙar.

Na kyauta kuwa, a'a. Waɗanda suka daɗe a harkar nan sun tuna lokacin .tk da .ml da .ga da kamfanin Freenom yake rabawa kyauta, yara da yawa da su suka koyi aiki, ni ma a ciki. A 2023 Meta ta kai kamfanin ƙara, ya daina sabuwar rajista, Mali ta karɓe .ml ɗinta, Gabon ta karɓe .ga, shafuka masu ɗimbin yawa suka ɓace. Don koyo babu laifi a yi amfani da abin kyauta, amma ba abin da za ka buga a jikin allo ba.

Shi Malam, mun yi ƙoƙarin neman yaron ta wajen waɗanda suka yi bauta tare, har aka same shi, ya ba da haƙuri sosai, amma sunan ya riga ya fita daga hannunsa shi ma. Wanda ya kama kuma ya saka farashin da ba a ma tsaya tattaunawa ba. Sai muka zauna a shagona muka buɗe sabon imel na makaranta da layin ofis, muka yi rajistar sabon suna a .com.ng, ya biya na shekara biyu da tiransifa daga wayarsa. Na sa shi ya shiga asusun da hannunsa sau uku har ya iya, sannan ya rubuta sunan dillali da imel da ranar cikar wa'adi a bangon ƙarshe na rajistar makaranta, mataimakinsa ma ya kwafa. An kira mai fenti ya goge tsohon adireshin a allon ƙofa. Rasit ɗin da suka rage kusan bandir goma ne, ya ce ba zai zubar ba, yanzu akwai yaron da aikinsa shi ne bin layin ƙasa da baƙar maka kafin a ba iyaye.